Yalini da Shafin da Ya Koma Baya

Yalini Perumal ba ta tsoron mutane, ba ta tsoron jarrabawa. Abu ɗaya ne ke kaɗa mata hanji: ta zauna gaban fiyano babu takarda a gabanta.

A unguwar Brickfields aka haife ta, a saman wani shagon masu kitsa furannin wuya. Babanta makaɗin biki ne, harmoniyam yake bugawa, ɗan akwatin nan da ake dannawa da hannu ɗaya ana hura masa iska da ɗayan. Tun tana shekara biyar, duk abin da ya kaɗa da safe kafin la'asar ta ɗauke shi tas. Wata tsohuwar malama a cocin unguwar ta ji labarinta, ta ɗora ta kan fiyano, ta koya mata karanta rubutun kiɗa. Kafin ta kai sha huɗu ana yawo da ita gasa, gari-gari, yau Ipoh gobe Penang, kuma ba ta taɓa hawa dandamali da takarda ba. Komai a ka.

Sai babanta ya rasu. Wata uku bayan nan, a wani ɗakin taro a Petaling Jaya, tana tsakiyar kiɗa kanta ya ɗauke ɗif. Hannuwa a sama, mutum ɗari biyu sun zuba mata ido, ba abin da take ji sai ƙarar fanka. Ta miƙe ta fice. Daga ranar ta daina gasa. Shekara bakwai tana koyar da yara a wani shagon kayan kiɗa, in kuma dole ta kaɗa a gaban jama'a, to sai da littafi, ƙanwarta Kavita na gefe tana juya mata shafi.

Bana wata kwalejin kiɗa ta buɗe gurbi ɗaya tak na mai fiyano, kuma shekara ashirin da biyu ce iyaka. Yalini na da ashirin da biyun cif, in wannan damar ta wuce shi kenan. Saura kwana huɗu gwaji zazzaɓin dengi ya kwantar da Kavita a asibiti.

Haka Yalini ta buga ƙofar maƙwabciyarsu a benen unguwar Pantai Dalam, inda suka koma ita da mamarta. Hadiyya ce, 'yar Kano, tana digiri na biyu a Larabci. Hadiyya ta buɗe littafin, ta ce ita fa waɗannan ɗige-ɗigen kamar tururuwa take ganinsu a kan igiyar shanya. Yalini ta ce ba karatu za ta yi ba, in ta ga ta gyaɗa kai sai ta juya mata shafi, shi kenan.

"Boleh, Kak?" in ji Yalini da yaren garin, wato "Zai yiwu, Yaya?"

"Boleh ɗin dai, Yali. In na kwafsa kada ki ce ban faɗa ba."

Sau uku suka gwada a gida, lafiya lau.

Ranar gwajin, Asabar da hantsi, a cikin LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, Yalini sai goge tafin hannu take a siket. Ɗakin gwajin sanyi ƙalau, alƙalai uku, ta tsakiya Madam Loh, wadda aka ce ko ɗanta ba ta yi wa murmushi. Yalini ta fara. Shafi biyun farko suka tafi daidai. Ta gefen ido tana ganin gefen mayafin Hadiyya na rawa, ashe ba ita kaɗai ce a tsorace ba. Yalini ta gyaɗa kai.

Hadiyya ta miƙa hannu. To hannun nan tun yarinta littattafan Larabci ya saba juyawa, kuma da tsoro ya zo, abin da ya saba ya yi. Ta kama shafin hagu ta mayar dama. Abin da ya bayyana gaban Yalini farar takardar bayan bango ce, ko ɗigo babu. Hadiyya ta gane, ta wawuro littafin za ta gyara, ya suɓuce ya faɗi ƙasa a rufe.

Yalini ta ji ƙarar fankar nan, alhali babu fanka a ɗakin. Ta nemi layi na gaba a kanta, babu. Tana shirin miƙewa ne ta lura kiɗan bai tsaya ba. Hannunta na hagu na ta tafiya abinsa, na daman na bin sa. Ta ƙi kallonsu, tana gudun in ta kalla su tsaya. Sai ta kafe ido a kan baƙin katakon da ke gabanta, tana jin Hadiyya na ta maimaita innalillahi ƙasa-ƙasa. Ta danna kuskure sau biyu. Ta tsallake layi guda. Minti shida kamar ba za su ƙare ba, amma ta kai ƙarshe.

Madam Loh ta gama rubutunta, ta ce wa Yalini ta tsallake layi kuma ita ma ta sani, don haka ta zo Litinin ƙarfe takwas, a ajinta, ta kaɗa shi kamar mutum. Gurbin ya zama nata kenan.

Yalini ta miƙe ta fita. Banɗaki ta nufa ta yi ta amai. Da ta fito Hadiyya na tsaye rungume da littafin, ido jawur, tana ba ta haƙuri da Hausa da Turanci a haɗe.

"Kak, Litinin kina da lakca?"

"Ni? Bayan wannan ɓarnar?"

"Zama kawai za ki yi kusa da ni. Kada dai ki taɓa komai."

Littafin har yau yana jakar Hadiyya. Ranar Lahadi sau biyu Yalini na zuwa bakin ƙofarta za ta karɓa, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta fasa ta juya.