Tiyon Kawu

Kawuna ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen tura kurar ruwa, har bayansa ya ce ya gaji. Da ya kasa, wani ya yi masa hanya ya zama maigadin wani ƙaton gida da babu kowa a ciki. Mai gidan yana ƙasar waje, sai ya ga dama yake leƙowa. Aka ba Kawu ɗakin bakin ƙofa, ya ɗauko matarsa, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, suka tare. Duk duniya ba su da wani wurin sa haƙarƙari sai nan.

Gidan yana da rijiyar burtsatse da tanki a sama. Unguwar kuwa famfonta ya daɗe da mutuwa, mata sai sun tsallaka babban titi da jarkoki. Wanda ya san nauyin ruwa irin Kawu ba ya iya ganin haka ya kau da kai. Sai ya samo dogon tiyo, ya zura shi ta kafar da ruwan sama ke fita a gindin katanga. Kullum da safe bokitai su yi layi a waje, shi yana ciki yana murɗa famfo.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ruwan nan fa ba naka ba ne."

"Na sani," in ji shi. "To shi ya zuba shi a ƙarƙashin ƙasa?" Sannan ya ƙara da cewa, "Amma injin da ke jawo shi nasa ne, wannan kam gaskiya. Ni dai ban buɗe wa kowa ƙofa ba."

Ranar da mai gidan ya dawo, caɓin bayan katanga ya tona asiri. Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin ko ɗaga murya bai yi ba, balle in samu abin zaginsa.

"Baba, ai da ka tambaye ni," ya ce.

"Da na tambaya, za ka yarda, ranka ya daɗe?"

"A'a. In injin ya ƙone, waye cikinsu zai gyara? Gobe kuma in na hana, su ce na danne musu haƙƙi. Ciyawa zan sa a shuka a tsakar gida, ita za ka riƙa ba ruwa. Ka toshe kafar nan, ko in kawo wanda zai toshe ya zauna a ɗakin."

Kawu ya dubi labulen ɗakin da matarsa take kwance. Da hannunsa ya kwaɓa siminti, ya durƙusa da ciwon bayan nan ya liƙe kafar. Ina tsaye, ko tsinke ban iya ɗaga masa ba. Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan ɗora wa.

Washegari matan suka zo kamar kullum. Matar wani tela ta ɗaga murya ta bayan katanga, "Baba Maigadi, lafiya? Muna jin ƙarar ruwa fa!"

Yana tsaye da tiyo a hannu yana jiƙa ƙasar da za a yi shukar. Ya juya wa katangar baya, ya ci gaba da ban ruwansa. Suka gaji da jira, suka ɗauki jarkokinsu suka nufi titi.

Ciyawar ta yi kyau yanzu, koriya shar. In Kawu zai yi ban ruwa, sai ya cusa bakin tiyon cikin ƙasa don kada a ji ƙararsa a waje.