Kabarin yayana a Saskacewan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Idrisu. A irin wannan makon ne, bayan sallar la'asar, ina tsakiyar lodin kwalaye a wani sito a unguwar Khumra da ke Jidda, wani Basudane da ban taɓa jin muryarsa ba ya kira ni daga Kanada. Da Larabci ya yi magana. Ya tambaya ko ni ne Sani ƙanen Idris, na ce ni ne. Ya ce in nemi wuri in zauna.

Mu haifaffun Jidda ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji a ƙafa, bai koma ba. A unguwar Karantina aka haifi mahaifinmu, a nan aka haife mu, amma har gobe a takarda baƙi muke: fasfon Najeriya, ƙasar da sau ɗaya na taɓa takawa, da iƙama, takardar izinin zama, wadda sai kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ya ga dama ake sabuntawa. Yaya makaniken manyan motoci ne, irin wanda yake gane ciwon inji tun motar ba ta gama tsayawa ba. Da aka haifi 'yarsa Hanan, sai zaman ya fara isarsa. Ya ce yana so yarinyar nan ta tashi a inda ba za a tare ta a hanya a ce ta nuna takarda ba. Ya yi ta nema har ya sami aiki a wani garejin gyaran tarakta da motocin girbi, a wani ƙaramin gari a lardin Saskacewan. Ya bar matarsa Safiyya da Hanan, tana da shekara biyu, a wurin mahaifiyarmu, a kan cewa da zarar ya zauna zai ɗauke su.

Duk Juma'a sai ya aiko da saƙon murya, mu taru a tsakar gida mu saurara. A bakinsa muka san wannan ƙasa. Ya ce fili ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu dutse, alkama iya ganinka, kana hango mota tun tana nesa har ka gaji da jiranta. Garinsu titi ɗaya ne, da gidan waya, da coci, da wani dogon rumbun hatsi na katako a bakin layin dogo, wanda ya fi komai tsayi a garin. Ya ce idan hunturu ya kama, sai an jona mota da wutar lantarki ta kwana a haka, in ba haka ba inji ba zai tashi ba. Wannan ya fi komai ba shi dariya. Ya ce a asibiti kati kawai ake nunawa, kuma mutanen lardin suna alfahari cewa a wurinsu aka fara wannan tsari kafin sauran ƙasar. Ya ba mu labarin dinya da ke rufe sararin sama lokacin kaka, da barewa, da kurege da ya addabi manoma, da wata dabba mai suna mus wadda tsayinta ya kusa na raƙumi. Mahaifiyarmu ta ce ƙari yake yi.

Daga baya saƙonnin suka sauya. Tsohon da ke da garejin ya fara ba shi tarihin wurin. A da bauna ce ta cika filin nan, aka karkashe ta har ta kusa ƙarewa, aka tara ƙasusuwanta jirgin ƙasa yana kwasa. Rijaina ma, babban birnin lardin, da can tarin ƙashi ake ce wa wurin. Mutanen asali da suka rayu da baunar aka killace su, aka raba su da 'ya'yansu aka kai makarantun kwana, aka hana yaran yarensu. Akwai ɗaya daga jikokinsu da suke aiki tare da Yaya, yana jin yaren kakarsa amma ba ya iya mayarwa. Ranar da ya ba mu wannan labari, a ƙarshe ya ce, "Sani, don Allah ka riƙa yi wa Hanan Hausa. Kada ka gaji."

Aiki kuma yakan kai shi garuruwan da suka mutu. Jirgi ya daina tsayawa, an rufe makaranta, an rushe rumbun, matasa sun tafi birni, ba abin da ya rage sai allon suna da maƙabarta. Abin yana ba shi tausayi. Yakan ce ko ba komai Karantina ba za ta taɓa zama haka ba, mutane sun yi mata yawa.

Shekararsa uku a can. Yana dawowa daga wata gona da almuru, ƙanƙara ta rufe hanya, mus ɗin nan ta fito masa, motarsa ta yi karo da ita. Basudanen ya ce ko asibiti ba a kai da shi ba. A birnin Saskatun aka binne shi, bayan kwana uku, domin ƙasa ta daskare sai da aka gasa ta kafin a iya haƙawa. Babu ko ɗayanmu da ya sami zuwa. A waya muka kalla: mutum goma sha wani abu cikin manyan riguna, da tsohon mai garejin daga gefe ya cire hularsa. Mahaifiyarmu ta ƙi kallo, ta juya ta fuskanci bango. Takardun Safiyya da Hanan sun kusa fitowa a lokacin. Mun bi, mun rubuta, mun jira, daga ƙarshe muka daina tambaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bayan wasu shekaru da rasuwarsa aka zo aka yi jan rubutun rusau a bangon gidanmu, aka ba mu 'yan kwanaki mu kwashe. A kan kujera muka ɗauko mahaifiyarmu daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Maƙwabtan da muka tashi tare suka watse, wasu Makka, wasu bayan gari, wasu aka mayar da su ƙasashen da ba su sani ba. Mahaifiyarmu ba ta cika shekara a sabon gidan haya ba ta rasu. Kwanaki na bi ta Karantina a mota, na kasa gane inda lungunmu yake. Fili ne fetal, kamar hotunan da Yaya yake aikowa, sai dai babu alkama. Garuruwan da yake jin tausayi ko allon suna an bar musu.

Ina jin da ya gani zai yi shiru ne kawai. Ba mai yawan ƙorafi ba ne. Abin da zai fi yi masa ciwo Hanan ce. Shekararta goma sha biyu yanzu, ga ƙoƙari a makaranta, ga iƙamar da ya tafi don ya raba ta da ita tana nan a jakar uwarta. Ina yi mata Hausa kamar yadda ya roƙe ni, tana ba ni amsa da Larabci. Bara ta tambaye ni yaushe za mu je kabarin babanta. Na ce in sha Allahu. Ta dube ni ta ce, "Halas, shi ke nan, Baffa, na gane." Ba ta sake tambaya ba.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya, ba na samun mai yawa. Gidan da ya tashi babu. Garejin can, an ce tsohon ya rasu an rufe. Kabarinsa Basudanen ne yake ziyarta a da, shi ma ya koma wani lardin.

Watan jiya wani direban tirela Bayamane ya shigo sitonmu yana cigiyar Idris makanike. Ya ce ya daɗe ba ya gari, birkinsa yana ba shi tsoro, kuma bai yarda da hannun kowa ba sai nasa. Na gaya masa. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, na ce amin. Da zai tafi ya tambaye ni ko na san wani mai aiki irin nasa. Na ce ban sani ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka masa a inda ba mu iya zuwa.