Jajayen Kajin Gwaggo Larai

Idan sanyin bana ya shigo, shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Larai, yayar mahaifina, wadda ta yaye ni, ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji a nan Kontagora. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma duk wanda ya shiga gidanta da safe ba zai ce gidan marar 'ya'ya ba ne. Kaji ta ko'ina, agwagi na tafe suna rangaji kamar matan da suka ci adon biki, ita kuma tana tsakiya da ƙwaryar dusa tana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowace kaza take kira tata ba. Nata su ne jajaye masu gajerun ƙafafu, irin da ta gada a wajen mahaifiyarta. Ba su da wani kyan gani, amma wajen kwanci da tsaron 'yan tsaki babu na biyunsu. Har ƙwan agwagwa takan sa musu su ƙyanƙyashe. Ranar da 'yan agwagin suka faɗa kwatami, uwar riƙon ta tsaya a baki tana kururuwa, Gwaggo kan yi dariya har da riƙe ciki, ta dube ni ta ce, "Haka na yi ranar da aka tafi da ke."

Ban taɓa ganin ta sayi abincin kaji ba. Dusar dawa ce da ruwan tsari, sai gara. Takan cusa karan dawa da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri, da safe ta juye wa 'yan tsaki. Kaskon ruwansu ba ya rabo da sassaƙen maɗaci, akurki kuma ba ya rabo da toka. Har ƙadangarun gidan sun yi ƙiba, don dai albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Abin da mutane suka ɗauka wauta ce shi ne rabon da take yi. Da an gama girbi, kafin ciwon nan mai murɗe wuyan kaji ya shigo, sai ta fara sa kaza da zakara a kwando tana aikawa gidaje. Wannan gidan a bayan kasuwa, wancan a Kaboji, wani ma ba mu san inda yake ba. Wanda ya riƙe, ƙwai da rabin 'yan tsaki nasa ne. Idan ciwo ya share gidanta, sai ta yafa mayafi ta je ta karɓo iri. Idan gidan wani ya share, ita za ta mayar masa. Takan ce ciwo ba ya shiga gari duka rana ɗaya.

Ta rasu a farkon sanyi, bayan ta gama rabon shekarar. Ƙanenta Baffa Sule, wanda shi ne magaji, mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai. Ya ce ba zai bar hakkin mamaciya a warwatse a hannun mutane ba, a tattaro komai wuri ɗaya a raba yadda addini ya ce. Babu wanda ya ga laifinsa. Masu riƙo ma da kansu suka riƙa kawowa, kowa na gudun nauyin mamaci a wuyansa. Tsakar gida ta cika maƙil da jajayen kaji, har mutane na cewa ashe Larai attajira ce.

Ba a kai ga rabon ba. Wata kaza ta zo da ciwon daga wani gida, kafin sadakar arba'in an kwashe su duka a buhu an kai bola. Agwagin ne suka tsira, da yake su masu taurin rai ne, su ma aka yanka don babu mai son ƙazantarsu. Garin neman gira aka rasa ido. Na yi kukan kajin nan kusan yadda na yi kukan mai su, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga kajin yau, fararen nan da ake kunna wa fitila, masu cin abincin buhu, waɗanda ba su san shirwa ba balle su guje mata. Na san za ta ɗaga ɗaya ta jinjina, ta taɓe baki ta ce wannan ba kaza ba ce, tsoka ce mai numfashi. Amma ina jin abin da zai fi ba ta mamaki shi ne gidajenmu. An shafe tsakar gida da siminti, an ɗaga katanga, an sa ƙofar ƙarfe. Kazar maƙwabci ta shigo maka yanzu, magana ce har gaban mai unguwa.

Watan jiya ina cikin kasuwa wata tsohuwa ta riƙo hannuna. Mama Saraya ce, ƙawar Gwaggo, Kirista manomiya daga wani ƙauye a wajen Rijau. Rabona da ita tun ranar da ta zo gaisuwar mutuwa ta koma, kafin a fara tattara kaji. Bayan mun gaisa ta ce, "'Yata, kajin Larai suna nan a wurina fa, sun cika gida."

Na ce, "Mama, ai kajin Gwaggo sun ƙare tun shekarar da ta rasu."

Ta saki hannuna ta dafe ƙirji. "Sun ƙare? Larai ta ce in riƙe, kada in kawo sai an zo an ce mini iri ya ƙare. Ni kuwa babu wanda ya zo."

Ashe duk shekarun nan da muke cewa da mun sani, tsohuwar nan tana can tana zuba dusa tana sauraron sallama. Na je na gaya wa Baffa Sule. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya ce ya yafe rabonsa, in yi da su yadda mai su za ta yi.

Mama Saraya ta aiko da kwando a motar kasuwa, jajaye masu gajerun ƙafafu, kamar an tono su daga wancan zamani. Na yafa mayafi na bi gidajen da Gwaggo ke kai wa. A bayan kasuwa an rushe an yi shaguna. Wani gidan jikoki ne a ciki, suka ce kajin za su ɓata musu fulawar da suka shuka. Wata ta tambaye ni ko an yi musu allura. Hanyar Kaboji kuwa maigidana ya ce ba yanzu ba, kowa ya san yadda hanya ta zama. Gida ɗaya tak ya karɓa, na wata mai ƙosai da Gwaggo ta taɓa mayar wa iri.

Da, ina zaton abin da Gwaggo ta bari shi ne kaji, shi ya sa na ɗauka komai nata ya tafi a buhun nan. Yanzu na gane kajin sun fi mu riƙon amana. Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya sa kina hutawa. Irinki bai ƙare ba, ga sauransu nan a bayan ɗakina, duka wuri ɗaya, abin da kika fi tsoro. Sanyi na ƙaratowa, ni kuwa har yau ban sami gida na biyu ba.