Hatsin Dokin Falalu

Falalu manomi ne a Gidan Sori, amma da doki aka san shi. Tun yana saurayi, in ana sukuwa a Cadawa ko Agiye, sai ya bar gona ya tafi kallo. Da ya samu hali, ya sayi wani ingarma mai dogayen ƙafafu.

Dokin sukuwa ba ya ƙoshi da ciyawa kaɗai. Kullum sai Falalu ya jiƙa masa tiyar hatsi, ya haɗa da dusa, ya jefa masa harawa, ya narka kanwa a ruwan shansa. In ya shafa wuyan dokin ya ji tsoka ta cika, sai ya wuni yana fara'a.

Wata shekara damina ta yi gardama, rumbu bai kai rabi ba. Matarsa Rahina ta ce, "Maigida, a rage wa dokin nan. Yara sun fi shi buƙata."

"Bari sukuwar Cadawa ta wuce tukuna," in ji shi.

Dokin kuwa ya ci sukuwar. Abokai suka rako Falalu gida da kalangu, suka bi shi har turken da ke bayan zaure. Nan suka tarar da surukarsa Gogo, wadda ta zo ganin jikoki, durƙushe gaban komin doki. Tana tsintar ƙwayoyin hatsin da dokin ya bari, tana hure ƙasa, tana zubawa cikin ƙwarya.

Mai kalangu ya tsaya. Gogo ta ɗago kai ta ce, "Sannu da dawowa, ɗana. Kunu zan dama wa yara, tun jiya ba a ɗora tukunya ba."

Falalu ya tsaya da linzami a hannu, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abokan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi sallama.

Ranar kasuwa ya ja dokin zuwa Agiye, ya dawo da jaki da buhunan hatsi. Yanzu dakon kaya yake yi da amalanke. Gogo ba ta taɓa tayar da maganar ba, amma har ta rasu bara, in ya je gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa.