Maman Chimdi da Haddar Matan Ƙauye

Da hantsi, in ta gama share ƙofar shagon kayan gyaran babur da marigayi mijinta Okafor ya bari, Clementina kan jawo benci ta zauna, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta shiga motsa leɓe. In ɗan acaɓa ya zo neman filogi, sai ta ɗaga masa hannu ya dakata ta kai ƙarshen aya. Sun saba, ba mai fushi. Duk unguwarmu a nan Daura Maman Chimdi muke ce mata.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata. Ni Musulma ce, ita Kirista, kowa na kan nasa. Amma na san wuyar da ake sha kafin karatu ya zauna a ka, shi ya sa na ga bai kamata matar nan ta bar garin nan ba tare da wani ya ce mata sannu a bainar jama'a ba.

Tana amarya aka kawo ta daga kudu, ko gaisuwa ba ta iya ba. A kasuwa ta tsinci Hausa, daga baya ta koyi karanta Littafi Mai Tsarki da ita. A cocinsu ta lura da wasu mata da ke zuwa daga ƙauyukan wajen Sandamu. In fasto ya ce a buɗe littafi, sai su sunkuyar da kai suna kallon tafin hannunsu, don ba wadda ta taɓa shiga aji a cikinsu. Ba wanda ya sa ta. Ita ta fara rufe shago duk Alhamis, ta hau mota, ta sauka ta hau babur, ta iske su a gindin bishiya suna ɓarar gyaɗa. Ta faɗi aya, su maimaita, ta sake faɗi. Sama da shekara talatin tana wannan sintiri.

Kada a ɗauka aikin daɗi ne. Da damina takan sha laka ta isa, ta tarar duk sun tafi gona sai tsohuwa guda. Na sha ganinta ta dawo ta zube a tsakar gidana, ko mayafi ba ta iya cirewa.

"Maman Zakiyyu," in ji ta wata rana, "aya ɗaya muke ja tun kafin shuka. Ga shi an yi girbi, ba ta zauna ba."

Na ce, "To ki haƙura mana."

Ta ce, "In na haƙura, ranar da babu fasto kusa, me za su riƙe?"

Ranar kuwa ta zo wa Lami, ɗaya daga cikin matan. Ƙanwata Ummukulsum, wadda ke aikin jinya, ita ta ba ni labari. An kawo mijin Lami asibiti ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, sai fizge-fizge yake don tsoro. Lami ta kama hannunsa ta fara jero ayoyi da ka, a hankali, har ya lafa yana kallonta. Ummukulsum ta tambaye ta inda ta yi makaranta.

"Ban yi ba, 'yar nan. Maman Chimdi ce ta zuba min."

Mutumin bai tashi ba. Bayan an binne shi Lami ta zo har shago, ina wurin, ta durƙusa ta ce, "Mama, na sha zaginki a zuciyata saboda takura. Da kin ƙyale ni, da me zan faɗa masa?"

Ke ce, Maman Chimdi, uwar masu jinkirin ɗauka. Ke ce ba ki taɓa ce wa mace kanta ya toshe ba, ko da ta sa ki maimaita har muryarki ta dushe.

Yanzu jiki ya ƙi. Ciwon suga ya cinye mata ido, rubutu ya zama mata hazo. Yawancin waɗanda suka zo garin nan tare sun koma gida ko sun rasu. A watan jiya ni na raka ta ƙauyen su Lami, don ba ta iya tsallaka titi ita kaɗai. Na koma gefe na zauna. Ta fara aya, ta kai tsakiya, sai ta tsaya. Ta sake farowa, ta sake tsayawa a wurin. Matan suka dubi juna, sannan Lami ta ɗauka, sauran suka bi ta suka ƙarasa. Na zaci za ta yi murna. Ta goge ido da bakin zane ta ce, "Na gaji."

Da ɗanta Chimdi ya zo ya ce zai mayar da ita gida wajensa, ba ta yi musu ba. Ta dai sa aka kira mata Lami, ta ce mata ita za ta ci gaba da koyar da matan.

"Ni, Mama? Ni da ban san baƙi ko ɗaya ba?"

"Abin da ke kanki shi za ki ba su."

Lami ta ce za ta gwada. Ko za ta jure, Allah ne masani.

Ku da kuke karanta wannan, ko wane addini kuke bi, akwai wanda ke kusa da ku da bai samu abin da kuka samu ba. Ku je ku zauna da shi, ku maimaita masa, ko da ranku ba ya so.

Jiya muna ɗaure mata kwanuka na tambaye ta me za ta yi in ta isa can. Ta ce, "Barci, Maman Zakiyyu. In na tashi, sai in duba abin da ya rage a kaina."

Allah ya huta gajiya, Maman Chimdi. Mun gode.