Jan Ƙyalle a Bakin Kogi

Ranar Talata, ƙarfe shida, Auta ta ɗora wa mahaifinta ruwan shayi, ta zauna a bakin ƙofa tana yayyaga wani tsohon jan zane.

"Tufafi sai ƙarewa suke a gidan nan," in ji shi.

"Haba Baba, bishiyoyina ma tsirara suke."

Ƙarfe bakwai ta tafi bakin kogi. Shekararta shida tana aiki a wani filin dashen bishiyoyi da ke can, inda a da aka haƙi yashi har ƙasa ta mutu. Abokan aikinta dashe suke yi, ita kuwa nema take. Takan bi cikin ciyawa a durƙushe, duk inda ta ga tsiron bishiya da ya fito da kansa sai ta ɗaura masa jan ƙyalle, kada masu sassabe su haɗa da shi. Takan ce irinsu sun fi na dashe jure ambaliya, kuma a kansu tsuntsaye ke fara sheƙa.

Ƙarfe sha biyu ta kira mahaifinta ta tambaya ko ya sha magani. Ƙarfe uku ta ce wa shugaban aikin kanta na sarawa, ta zauna a inuwa. Ba ta ƙara tashi ba.

Bayan mako guda masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya rage daga mahaifin sai ƙarar firji. Ran nan shugaban aikin ya kawo masa takalman robarta da littafinta, ya ce ranar Litinin za a sassabe ɓangaren gabas.

"Ta gama ɗaure can?"

"Ba ta kai ba, Baba. Mu kuwa duk ciyawa muke gani."

Shekara talatin mahaifin ya yi yana koyar da lissafi. Auta takan ce ko bishiya ta gaishe shi ba zai gane ta ba. Ya buɗe littafin. Kowane shafi busasshen ganye ne a manne, da sunansa a ƙasa.

Kwana huɗu ya yi yana rarrafe shi kaɗai a ɓangaren gabas, littafin a hannu, yana gwada ganye da ganye. Wanda ya yi shakka a kansa ma ɗaurawa yake.

A rana ta biyu jan zanen ya ƙare, sai ya buɗe akwatinta. Mayafinta ya fara yagawa, sannan rigunan, kowane launi, ya gaya wa masu sassabe duk abin da ke da ƙyalle a bar shi. Takalman ya ba wata abokiyar aikinta. Littafin yana wurinsa.