Ɗan Gaurakan da Ya Kwana a Gidanmu

Ranar wata Laraba ce cikin watan Satumba, ina aji biyar a firamaren Katagum, Baffa Bukar ya shigo gidanmu da la'asar sakaliya, wandonsa jiƙe har cinya, ya rungumo kwandon kifinsa a ƙirji maimakon ya ɗora shi a ka kamar yadda ya saba. Ina tsakar gida ina taya Iya Fanna, kakarmu, tsinke ganyen yakuwa. Ya ajiye kwandon a gindin rumbu ya yaye buhun da ya rufe shi, sai ga wani ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu, jikinsa ruwan ƙasa, da ɗan tsiron gashi a tsakar kansa kamar an dasa masa ciyawa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafafun suka harɗe, ya faɗi. Iya ta dube shi ta dubi Baffa ta ce, "Bukar, ɗan gauraka ka ɗauko? Ina iyayensa?" Ya ce dai ni zan riƙa kula da shi har ranar da zai samu motar Azare.

Gauraka ba baƙo ba ne a wajenmu a lokacin. Gonar shinkafar Baba tana bakin fadama, kuma idan shinkafa ta fara fitar da kai mu yara ake turawa korar tsuntsayen jan-baki tun da sassafe kafin a buga ƙararrawar makaranta. Mukan zuba tsakuwa a gwangwani mu yi ta kaɗawa, maza su yi ta wurga majaujawa, idan garken ya tashi mu samu tudu mu zauna mu yi carafke da ƙwallayen goruba. Daga wannan tudun muke hango gauraki can cikin ruwa, bibbiyu, suna tafiya a hankali da tukkunsu mai ruwan zinariya. Wani lokaci su buɗe fukafukai su yi ta tsalle suna sunkuya wa juna, mu kuma mu tashi mu kwaikwaye su har mu faɗa taɓo. Ba wanda ya taɓa ce mana abu ne mai daraja. Suna nan kamar yadda tsamiya take, kamar yadda belbelu suke bin shanun Fulanin da ke sauka bayan gari.

Dalilin Baffa kuwa kowa a gidan ya san shi. A daminar da ta gabata matarsa ta yi doguwar naƙuda, hanya ta lalace, wani Alhaji ɗan Azare da ke sayen kifi a hannunsa ya turo motarsa ta ɗauke ta zuwa asibiti, aka samu ta rayu ita da jaririn. Tun daga nan Baffa yake neman abin da zai yi wa mutumin nan, ga shi ba ya rasa komai da masunci zai iya ba shi. Sai wata rana ya ji Alhajin yana cewa yana sha'awar ya ga gauraka yana yawo a tsakar gidansa, irin na gidajen manya. Baffa ya ce in Allah ya yarda zai kawo masa. Ya yi makonni yana bin sahun iyayen cikin ciyawa kafin ya gano inda suke kiwon 'ya'yansu.

Na ɗauki aikin da muhimmanci. Na kewaye masa wuri da tsohon zana a bayan ɗakin Iya, na zuba masa tsaki da ruwa a kasko, amma ko kallon tsakin bai yi ba. Washegari da asuba muka ji kukan iyayen daga kan tsamiyar bayan gidanmu, kuka mai kauri kamar ana busa ƙaho, shi kuma yana amsawa da 'yar siririyar murya yana dukan zanan da ƙirji. Iya tana kan tabarmar sallarta ta ce, "Uwa ko ta tsuntsu ce, uwa ce." Ba ta ƙara ba, don ita ma ta san abin da Alhajin ya yi wa ɗanta.

A wannan makon ne aka kawo mana baƙo makaranta. Hedimasta ya tara mu a ƙarƙashin darbejiya ya ce wannan Malam Sale ne, malamin daji, ya zo ya yi mana magana a kan dabbobin ƙasarmu. Dogo ne siriri, sanye da kaki, da madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Mun zaci zai hana mu harbin tsuntsaye ne ya tafi, sai ya ɓuge da tambayarmu: wa ya taɓa ganin bushiya, ina shamuwa take zuwa idan damina ta wuce, me ya sa ɓeraye suke yawa a gonar da aka kashe macizanta. Mu muka yi ta surutu, shi yana sauraro. Da ya ce ko akwai mai tambaya, na ɗaga hannu na ce, "Malam, me ɗan gauraka yake ci? Namu ya ƙi cin tsaki." Ya ce in kamo masa fara da ƙananan ƙwari, in sa masa a baki a hankali. Daga nan ya tambaye ni gidan wa nake.

Bayan la'asar ya zo. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, shi da Baba da Baffa, ni kuma da na kai ruwa aka ce in zauna tunda ni ke kula da tsuntsun. Bai ambaci doka ba, bai ɗaga murya ba. Ya bayyana musu cewa gauraka sau ɗaya yake ƙyanƙyasa a shekara, 'ya'yan ba su da yawa, kuma wanda aka kai gida aka yanke masa fiffike ya fita daga haihuwa ke nan. Ya ce a wuraren da ya zaga, gidajen masu hali sun fara fin fadama yawan gauraki. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Malam, na ji, kuma gaskiya ka faɗa. Amma mutumin nan ya ceci iyalina, na kuwa riga na yi masa alkawari." Sai Malam Sale ya tambaye shi ko ɗan ɗaya ne. Baffa ya ce biyu ne, ɗayan ya ɓace masa cikin ciyawa. Malam ya ce to ya roƙe shi abu guda: ya bar wa iyayen wancan, kada kuma ya nuna wa kowa wurin. Baffa ya ba shi hannu a kan haka.

Washegari Baffa da kansa ya tuƙa mu a kwalekwale, ni da Malam Sale, zuwa inda gaurakin suke kiwo. Da muka kusa, Malam Sale ya miƙo mini madubin ya gyara mini shi a ido. Abin da nake gani kamar ɗigo daga tudu sai ga shi a gabana: farin kumatun uwar da jan da ke ƙasansa, ruwa yana ɗiga daga bakinta, da ɗanta yana bin ƙafarta yana tsattsagar abin da ta nuna masa. Na tambaye shi ko wannan kallon shi ne aikinsa. Ya yi murmushi ya ce, "Rabinsa ke nan. Sauran rabin shi ne zama da mutane."

An kai namu Azare ranar Lahadi, bayan ya fara karɓar fara daga hannuna. Na sake ganinsa bayan shekaru, ina sakandare a can, da Baffa ya ɗauke ni gaisuwar Sallah gidan Alhajin. Ya girma ya yi kyau, tukkunsa ya cika, ana ba shi abinci sosai. Yana takawa a kan siminti tsakanin motoci, fiffikensa ɗaya a datse. Masu gidan suka ce ba su taɓa jin kukansa ba. Alkawarin da Baffa ya yi wa Malam Sale kuwa ya riƙe shi har ya bar duniya, bai sake taɓa gauraka ba.

Da na ce zan karanci gandun daji da namun dawa, Baba ya yi dariya ya ce, "To Zara, idan kin gama, dabbobin ne za su ɗauke ki aiki?" Amma ya bar ni. Yau aikina ke nan. Ina zaga makarantu daga Sakwa zuwa Udubo har Zadawa, ina zama da masunta da makiyaya da mafarauta. Ba aiki ne mai sauƙi ba. Manomin da jan-baki suka cinye wa shinkafa ba ya son jin wata magana a kan tsuntsu, kuma ban ga laifinsa ba, don na san abin da buhu ɗaya yake nufi a gida. Sai an zauna, an sha ruwansa, an ji damuwarsa, kafin ya ji tawa.

Fadamar Katagum tana nan, amma ta koma ta injin ban ruwa da albasa da tumatir. An sare manyan itatuwan da tsuntsaye ke kwana, mutane sun ƙaru, kowa yana neman abin sa wa a baki. Na daɗe ban ga gauraka a can ba. Kwanakin baya a wata firamare kusa da Sakwa na ɗaga hotonsa a gaban aji na ce wa ya san wannan. Ba wanda ya ɗaga hannu. Can wata yarinya ta ce, "Malama, a wace ƙasa yake?" Na ce mata a nan yake, bayan gonakin kakanninta, ta dube ni kamar mai shakka. Mu mun taso muna ganin abin har ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, su kuma sai dai su yarda da maganata. Abin da ya fi mini nauyi a aikin nan shi ne koya wa yaro kewar abin da bai taɓa gani ba.